Filin Tambaya da Amsa: Ƙwarin Inabi, Kowanne da Lokacinsa

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili namu. Wannan karon yawancin saƙonnin da suka shigo akan inabi ne, kuma kukan kusan ɗaya ne, ƙwari. Na zaɓo waɗanda amsarsu zata amfani kowa, wasu na ɗan rage musu tsawo.

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah a taimaka min. Inabina yana shekara ta uku, lafiya lau yake har zafi ya kankama, sai naga ganyen sun fara ɗige-ɗige rawaya ƙanana ƙanana, daga baya suka koma kalar tsatsa suna bushewa suna zubewa, layin dake bakin hanya shi yafi lalacewa. Nayi feshin maganin ƙwari har sau biyu amma wallahi abin ƙaruwa yake, kuma ni banga wani ƙwaro da idona ba sai wata 'yar yana siririya a bayan ganyen. Menene wannan?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Zafin nan da bakin hanya da yanar da ka gani duk abu ɗaya suke nunawa, ƙaramin gizo-gizon ganye ne ya shigar maka gona. Baka ganshi ba saboda babbansu ma bai wuce rabin milimita ba, a bayan ganye yake zama yana huda shi yana tsotse ruwan ciki, kowane ɗigon rawaya wurin da ya sha ne. In kana so ka tabbatar ka tara farar takarda a ƙarƙashin ganye ka ɗan buga ganyen da yatsa, zaka ga wani abu ya zubo kamar ƙura, ka zuba mata ido na ɗan lokaci zaka ga ƙurar tana tafiya, in ka murje da yatsa sai ta bar ɗan layi ja ko kore a takardar. In kana da gilashin ƙara girma mai ninki 10 yafi, zaka ga ƙwansu zagaye yana ƙyalli a jikin yanar, da manyan masu ɗigo biyu baƙaƙe a gefe da gefen jiki.

Dalilin da yasa sai da zafi kuwa, zafin ne ke tuƙa rayuwarsa gaba ɗaya. In yanayi na wajen digiri 20 yakan ɗauki sati biyu ko fiye daga ƙwai zuwa babba, amma in ya kai digiri 30 cikin kamar sati ɗaya ya girma ya fara saka nasa ƙwan, mace ɗaya kuma zata iya saka wajen 100 kafin ta mutu, kaga kafin wata ya zagayo 'ya'ya da jikoki da tattaɓa kunne duk suna kan ganye ɗaya suna sha. Ruwan sama mai ƙarfi yana wanke su, laima kuma tana kawo wata fumfuna dake kashe su, shi yasa da damina ba'a cika jin ɗuriyarsu ba. Ita kuma ƙurar hanya tana lulluɓe ganye ta hana masu farautarsa yawo, sannan itacen dake jin ƙishi yafi saurin galabaita.

Maganar feshin da kayi nan ne asalin matsalar, kuma ba kai kaɗai ba ne, manoma da yawa nan suke faɗawa. Wannan halittar ƙafa takwas gareta, dangin gizo-gizo da kaska ce, yawancin maganin ƙwarin da ake samu da sauƙi musamman masu sunan dake ƙarewa da thrin a jikin kwalba, su cypermethrin da deltamethrin, basa kashe ta yadda ya kamata, amma suna share maƙiyanta tas. Akwai wani ɗan uwansa mafarauci a kan ganyen, girmansu kusan ɗaya amma shi jikinsa sumul ne yana sheƙi kuma gudu yake ba rarrafe ba, ƙwan na ɓarnar yake sha dare da rana, akwai kuma wani ɗan ƙwaro baƙi mai sulke da shima abincinsa kenan. Feshinka na farko ya kashe su, na biyu ya ƙarasa sauran, filin ya zama na maɓarnacin shi kaɗai.

Yanzu dai ka ajiye wancan maganin. Ka ƙosar da itacen da ruwa, ka riƙa yayyafa wa hanyar ruwa ko ka shimfiɗa mata ciyawa, ka wanke bayan ganyen da ruwa mai ƙarfi da safe. In abin yayi nisa ka nemi malamin gona ya nuna maka maganin da aka yi takanas dan gizo-gizon ganye, irin abamectin, ka juya bakin famfon feshin sama yadda zai jiƙa bayan ganye dan feshin saman ganye asarar kuɗi ce, ka maimaita bayan kamar sati ɗaya saboda ƙwan da zai ƙyanƙyashe, kuma kar ka lizimci magani ɗaya shekara da shekaru, saurin sabawa da magani gare su ba kaɗan ba. Baɗi kuwa da zarar ruwa ya ɗauke ka fara gwajin takardar nan duk sati, ka fara daga layin bakin hanya.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni inabi biyu ne kawai gareni na tsakar gida. Sababbin ganyen sunyi ƙuraje sun kumburo ta sama, ta ƙasa kuma wurin ya loɓa yayi fari mai gashi gashi. Wata ƙawata tace cutar fumfuna ce in tsige itacen kar ya shafi ɗayan. In tsige?

AMSA: A'a Hajiya, dan Allah kar ki tsige. Ƙawar taki tana da uzuri dan akwai cutar fumfuna dake sa farin abu a bayan ganyen inabi, amma ita bata kumbura ganye, tabo take yi mai kama da maiƙo ta sama, kuma in kika goga farin da yatsa yana fita. Ki gwada naki, zaki ga baya gogewa, saboda gashin ganyen ne da kansa ya tsiro haka. Wani gizo-gizon ne daban, siriri, bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba, ido baya ganinsa sam, in ya tsotsi ganye tun yana jariri sai ganyen ya fitar da wannan gashin shi kuma ya shige ciki ya zauna. Farin zai koma ruwan ƙasa nan gaba, kar ki tsorata.

Lokacin hutun itace a cikin ɓawon idon reshe yake laɓewa, da zarar toho ya fito sai ya hau ganyen farko, shi yasa ganyen gindin sabon reshe suka fi kamuwa. Itacen da ya girma baya damuwa dashi, 'ya'ya zai yi miki yadda ya saba. In munin ganyen ya dame ki ki cire waɗanda suka fi lalacewa, sannan karo na gaba ki fesa farar wuta irin ta feshi daidai lokacin da toho ke fitowa, dan bayan ya shige cikin gashin magani baya kai masa. Sai dai farar wuta tana ƙona ganye in zafi ya haura digiri 32, ki yi da yamma, kuma kar ki haɗa ta da wani mai ko ki fesa su kusa da juna, ki bar sati biyu tsakani.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni tawa matsalar duk shekara sai dab da girbi take zuwa. Gungun 'ya'yan sai ya cika da wani farin abu mai laushi kamar auduga, yayi danƙo yayi baƙi, tururuwa ta hau ta sauka, masu saye su ƙi ɗauka. Ina feshi amma baya ji. Daga ina yake zuwa a lokaci ɗaya haka?

AMSA: Alhaji ba zuwa yake ba, yana nan tare da kai duk shekara, wurin zama kawai yake canzawa. Wannan shine farin ƙwaron nan mai garin kakin zuma a jiki, macen wajen milimita 3 take, audugar da kake gani jakar ƙwai ce, ɗaya tana ɗauke da ƙwai ɗaruruwa. Gobe da safe kaje gindin itacen ka ɓare tsohon ɓawon nan da ya riga ya saki, musamman wurin da ka ga ya jiƙe yayi duhu, zaka tarar dasu jere a ƙasa manya da ƙanana. Lokacin da ba ganye ba 'ya'ya nan suke kwanciya, wasu ma har saiwa suke gangarawa. In toho ya fito sai ƙananan su fara hawa, zuri'a ɗaya ta tsaya a manyan rassa, ta gaba ta kai ganye, wadda ke biye ta shige tsakiyar gungu daidai lokacin da 'ya'yan ke kumbura suna matse juna suna zaƙi. A wurare masu ɗumi suna yin zuri'a da yawa a shekara suna hawan juna, shi yasa kake ganin kamar rana ɗaya suka sauka.

Toh a wannan lokacin feshi ya riga ya makara, kakin jikinsu baya barin ruwa ya taɓa su, gungun kuma ya rufe. Danƙon kuwa darɓa ce, kashinsu ne mai zaƙi, fumfuna ta hau kai ta maida shi baƙi kamar kunkunniya. Tururuwa dan darɓar take zuwa, kuma ba shan banza take ba, gadi take musu, duk wani ƙwaro da yazo cinsu ko ƙaramin zanzaron dake saka ƙwai a cikinsu sai ta kore shi, har ɗaukarsu take daga wuri zuwa wuri. Duk wanda bai magance tururuwa ba bai fara yaƙi da wannan ƙwaron ba, ni haka nake gani.

Aikin naka bayan girbi da lokacin askin rassa yake. Ka ɓare sakakken ɓawon ka kwashe ka ƙona, kar ka zubar a gindi. Ka ɗaura leda ko kyalle a jikin kututture ka shafa danƙo ko giris a kai dan tare tururuwa, kayi wa turakun da wayoyin ma, dan ta nan zata zagaya, kar ka shafa giris kai tsaye a jikin itacen. Ka naɗa salatif a reshe ɓangaren danƙon yana waje ka riƙa dubawa, ranar da ka ga ƙananan ɗige-ɗige rawaya ko ruwan hoda sun maƙale to ƙyanƙyasa ta fara, waɗannan jariran basu da kaki tukuna, a nan ruwan sabulu ko man darbejiya ko maganin da malamin gona ya baka zai ci su. Ka kuma rage ganye a kusa da gungu, kar ka bar gungu ya jingina da kututture.

In ka ga wani mai kama dasu amma ya ninka su girma, gashinsa dogo kuma yana tafiya da sauri, kar ka kashe, tsutsar wani ƙwaro ce mai cinsu. Asalinsa daga Ostireliya ne, wani masani Albert Koebele ya kai shi Kalifoniya a 1891 dan ceton gonakin lemo, yau ana kiwonsa ana sakinsa a gonakin inabi a Indiya da wasu ƙasashe. Abin da yafi tayar min da hankali game da farin ƙwaron nan ma ba ƙazantar gungu bane, yana ɗauko cutar bairos mai naɗe ganye daga itace zuwa itace, a inabi mai baƙin 'ya'ya sai ganye yayi ja jijiyoyinsa su tsaya kore bakinsa ya lanƙwashe ƙasa, zaƙi ya ragu nuna ta yi jinkiri, kuma bata da magani sai tsigewa.

TAMBAYA: Malam 'ya'yan inabina suna fitowa da tabo ruwan ƙasa mai kaushi, wani zagaye wani kamar an karce, wasu har su tsage. Na duba ban ga komai a kai ba.

AMSA: Bazaka gani ba ɗan'uwa, mai laifin ya gama ya tafi tun watanni. Tirips ne, siririn ƙwaro mai tsawon milimita 1 zuwa 2, lokacin fure da ɗaurin 'ya'ya yake ɓarnarsa, yana kankare fatar ɗan tun bai kai komai ba, sai ɗan ya girma tabon ya buɗe tare dashi, da yake wurin baya miƙewa sai ya tsage. Yawansa yana tashi ne da sabon toho da fure in iska ta bushe, ruwa mai yawa kuma yana rage shi dan wani sashe na rayuwarsa a ƙasa ko cikin busassun ganye yake yi. In fure ya fara buɗewa ka karkaɗe gungu a kan farar takarda da hantsi, zaka gansu rawaya ko ruwan ƙasa suna gudu. Tarkon danƙo shuɗi ko rawaya shima yana nuna maka ranar da suka fara yawa. Wani abu da mutane basa lura dashi, ciyawa mai fure a cikin gona gidansu ce, in ka nome ta ana tsakiyar furen inabi to ka kora su sama ne gaba ɗaya, ko ka nome tun kafin fure ko ka bari sai 'ya'ya sun ɗauru sosai. In lallai sai anyi feshi, maganin spinosad yana aiki, kuma kwanakin furen nan ne kawai ke da amfani, na bayansu baya goge tabo. Tabon a fata ya tsaya, wanda bai tsage ba lafiyarsa lau a ci.

TAMBAYA: Malam ni ɗalibin aikin gona ne. Littattafan da muke karantawa sai su ce ƙwaro kaza yana fitowa a watan Mayu, kaza a Yuli, amma abin da muke gani a fili baya dacewa da haka. Wanne zamu riƙe?

AMSA: Madalla da wannan tambaya ɗalibi, da kowa zai fahimci amsarta da rabin saƙonnin nan basu zo ba. Ƙwaro bai san sunan wata ba. Abu biyu yake bi, yanayin zafi da laima, da kuma matakin da itacen ya kai. Yawancin littattafan an rubuta su ne a Turai da Amurka inda hunturu ke kwantar da komai, inabi ya zubar da ganye, jan gizo-gizo na can ya kwana a matsayin ƙwai ja a jikin ɓawo, tsutsar 'ya'ya ta kwana a ƙunshinta, sai ɗumi ya dawo kowa ya tashi lokaci ɗaya, shi yasa suke iya cewa zuri'a ta farko wata kaza ta biyu wata kaza. Ko a can ma watannin juyewa suke in ka gangara Afirka ta Kudu ko Chile, toho a wajen Satumba girbi a wajen Fabrairu da Maris.

A ƙasashen zafi kuwa itacen baya barci da kansa, manomi ne ke tsara masa shekara da almakashi. Ka ɗauki jihar Maharashtra ta Indiya, yankin Nashik, sau biyu suke aski, ɗaya a Afrilu dan ya fidda rassa, ɗaya a Oktoba dan yayi 'ya'ya, kuma ƙwarinsu askin suke bi. Da ido ya fara kumbura sai wani ɗan ƙwaro mai sulke mai tsalle ya fito yana cinye idon tun bai buɗe ba, da ganye ya fito fure ya biyo sai tirips da 'yan tsallen ganye, daga nan farin ƙwaro mai kaki ya riƙa ƙaruwa har girbi, gizo-gizon ganye kuma ya jira zafi. A kwarin San Faransisko na Brazil, wajen Petrolina, da ban ruwa suna girbi sau biyu a shekara kuma kowane yanki na gona da nasa lokacin, can kullum akwai sabon toho a wani wuri, ƙwari sai dai suyi ƙaura daga wannan yanki zuwa wancan.

Masana suna da wani lissafi da yafi kalanda, tara zafin kwanaki. Ka haɗa zafi mafi yawa da mafi ƙaranci na yini ka raba biyu, ka cire ma'aunin da halittar bata girma a ƙasa dashi, na inabi digiri 10 ake ɗauka, abin da ya rage ka rubuta ka riƙa tarawa kullum. Kowane ƙwaro da nasa ma'aunin da kuma jimlar da yake buƙata kafin ya ƙyanƙyashe, shekarar da tayi zafi sai jimlar ta cika da wuri. Shawarata ka riƙe ilimin littafin akan rayuwar ƙwaron, watannin kuma ka samo naka. Ka ware itatuwa kamar 20 a sassa daban daban na gona, duk sati ka duba adadin ganye iri ɗaya, ka rubuta me ka gani, guda nawa, itacen yana wane mataki, anyi ruwa ko ba'a yi ba, ka rubuta har da masu cin ƙwarin. Shekara biyu zuwa uku zaka ga tashi da saukar kowanne ya fito a takardarka.

TAMBAYA: Ina samun tsutsa a cikin 'ya'yan, da yana tana haɗa su biyu uku, daga nan gungun ya ruɓe. Feshi nawa zanyi?

AMSA: Ba yawan feshin bane ɗan'uwa, ranar ce. Tsutsar wani ƙaramin malam-buɗe-littafi ne mai tashi da magariba, kowace nahiya da irin nata, wanda yafi suna shine Lobesia botrana na Turai da Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka, yana zuri'a 2 zuwa 4 a shekara gwargwadon ɗumin wuri. Ta farko fure take ci, itacen yakan jure wannan. Ta biyu ta huda ɗanyun 'ya'ya, ta uku ta samu nunannu, ita ce mai kashe gona dan kowane rami ƙofa ce ga fumfunar ruɓa. Da tsutsa ta shige cikin ɗa to magani ya daina ganinta, damar da kake da ita 'yan kwanakin nan ne tsakanin saka ƙwai da shigarta. Ana gane su da tarko mai ƙanshin mace wanda ke jawo maza su maƙale, kana ƙirgawa duk sati, in adadin ya tashi sai ka fara duba jikin 'ya'ya dan ƙwan, ɗaiɗai yake, shafaffe, yana ɗan ƙyalli in rana ta haske shi. Maganin Bt, wanda ake yi da wata ƙwayar bakteriya, yana kashe tsutsa tun tana ƙarama kuma baya taɓa masu cin ƙwari, da yamma ake fesa shi dan rana tana lalata shi. Manyan gonaki suna rataye wannan ƙanshin ko'ina har namiji ya kasa gano mace, yana cikin dabarun da Kalifoniya tayi amfani dasu bayan an ga wannan malam-buɗe-littafin a yankin Napa a 2009, zuwa 2016 aka sanar da an kawar dashi. Mai 'yan itatuwa kaɗan kuwa ya sa wa kowane gungu jakar takarda ko raga bayan 'ya'ya sun ɗauru, ya tsince waɗanda suka kamu ya binne da zurfi. In kuma ka ga huda ƙarama ba tsutsa ba yana, wannan wani babban malam-buɗe-littafi ne mai zuwa da dare ya soka baki ya sha ya tafi, shi raga ce kawai maganinsa.

TAMBAYA: Saura sati ɗaya in girbe, zan iya feshi?

AMSA: Ka duba jikin kwalbar, kowane magani an rubuta kwana nawa za'a jira kafin girbi, in kwanakin sun fi waɗanda suka rage maka to ka haƙura. Inabi da fatarsa ake ci, yara ma suna cinsa, dan Allah kar a yi wasa da wannan.

TAMBAYA: Malam wani abokina zai dawo daga ƙasar waje, nace ya yanko min rassan wani inabi mai daɗi ya saka a jaka in dasa. Akwai matsala?

AMSA: Akwai babba Alhaji, ina roƙonka ka janye wannan saƙon. Mafi munin bala'in da ya taɓa samun inabi a duniya ta wannan hanyar ya shiga. Filoksera sunansa, ɗan mitsitsin ƙwaro rawaya dangin masu darɓa, asalinsa gabashin Amurka ta Arewa inda inabin daji ya saba dashi. Masu sha'awar tsirrai suka riƙa kai dashen Amurka Turai, wajen 1863 gonaki suka fara mutuwa a kudancin Faransa ba wanda ya san dalili, dan in an tono itacen da ya mutu ba'a ganin komai, ƙwaron ya riga ya koma na kusa mai rai. Sai a 1868 Jules-Émile Planchon da abokan aikinsa suka tono mai sauran rai suka tarar da saiwar cike dasu. Kafin ƙarnin ya ƙare ya cinye mafi yawan gonakin Faransa ya bazu Sifen da Italiya da sauran wurare. An gwada guba a ƙasa, an gwada cika gona da ruwa, abin da ya tsaya a ƙarshe shine aure, a ɗora inabin Turai a kan gindin na Amurka mai jure cizon, har yau haka akasarin gonakin duniya suke. Ko wannan ma sai an zaɓi gindin da kyau, a Kalifoniya wani gindi da ake kira AxR1 ya gaza a shekarun 1980 aka tsige gonaki masu yawa aka sake dashe. Yafi son ƙasa mai laka wadda ke tsagewa, yashi baya masa daɗi, yawansa yana tashi ne in ƙasa tayi ɗumi sabbin saiwoyi na fitowa, kuma in ya shiga ƙasa baya fita.

Ba shi kaɗai ba, sandar reshe da kake gani tsaf zata iya ɗauke da farin ƙwaro mai kaki a ƙarƙashin ɓawo, da gizo-gizon kumburi a cikin ido, da ƙwan 'yan tsallen ganye, da bairos a cikin jikinta wanda ba wankin da zai fitar. Shi yasa ƙasashe suke da dokar shigo da tsirrai da takardar shaidar lafiyarsu. In irin ne ya shiga ranka, ka samu sunansa daidai, ka nema a gidan renon dashe mai rajista ko ta hannun hukumar kula da shigo da tsirrai ta ƙasarka, ka tambaye su akan wane gindi aka aura shi, sannan ko an tsoma rassan a ruwan zafi, wanda ake yi a digiri 50 na minti 30 da na'urar dake riƙe zafin daidai, ba aikin tukunya a gida bane dan in ya ɗara kaɗan idon ya mutu. In sun iso ka dasa su gefe guda nesa da tsofaffin, ka riƙa duba ɓawo da bayan ganye har su zaga shekara kafin ka haɗa su da sauran.